Kaka Ta Yi Wa Jirgi Wanka

"A ba da hanya! Ga uwargidan matuƙin jirgin sama, sarauniyar kujera 'yar tsugunno, wadda ta girmi duk bishiyoyin unguwar nan!"

"Sannu da zuwa, mijin da ba cefane," in ji Kaka, ko ɗago kai ba ta yi daga ɗinkinta ba.

Jikanta ne, Auta. Ya durƙusa ya jawo jirginsa mai rimot daga ƙarƙashin gadonta, inda ya ɓoye wa yaran gida shi tun farkon damina. Mai gyaran rediyon bakin titi ya yi masa alkawari, in jirgin ya tashi ran Asabar zai ɗauke shi aiki a shago. Yana buɗe cikin jirgin dariyarsa ta ɗauke. Wayoyi sun yi kore shar, bakin batir ya yi fari kamar an barbaɗa gishiri. Ya danna rimot, farfela ko gezau.

"Kaka, me kika yi wa jirgina?"

"Alheri. Kullum da safe sai na goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ciki da waje. Datti ba ya kwana a ɗakina."

"Da ruwa? A danshin nan da ko ashana ba ta kamawa?"

"Jiragen mutane cikin hadari suke kutsawa, ban taɓa jin sun yi mura ba. Naka ne rago, ya biyo mai shi."

"Tsatsa ce fa! Irin wadda ta cinye miki haƙora."

"Ni haƙorana sun ci nama kafin su yi ritaya. Kai me karatunka ya ci? Ba ta taga ka gudo ba?"

"Malamai ne suka kasa kamo ni. Shi ke nan, na sake ki, Kaka."

"Alhamdu lillahi. Gobe in auri mai jirgin da ke tashi."

Auta ya ajiye rimot. Ya zauna daɓas yana kankare koren da farce. Kaka ta saci kallonsa, ta ajiye allura.

"Me ake ba shi ya warke?"

"Burushi da sifirit, sai rana."

Ta laluba ƙarƙashin filo ta jefo masa burushin haƙori sabo fil a ledarsa, ta nuna kwalbar sifirit a kan taga.

"Asibiti suka ba ni burushin. Ban san me suke so in goge ba."

Ya dirje wayoyin tas, ya shanya a bakin ƙofa da rana ta ɗan leƙo. Wajen la'asar ya mayar da batir ya danna. Farfela ta yi tari, ta yi rawa, sai ta kama juyi.

"Kin ji? Kin ji kukan inji? Shago ya zama nawa! Shirya, amarya, sai cikin gajimare!"

"Na ji. Sauron ɗakina ya fi shi murya. Matsa, ka tare mini haske."