Tawadar da Almakashi Ya Goge

Duk wanda ya ce shugaban asibitin nan ba ya aiki, hassada ce ke cinsa. Mutumin da ya yanka ƙyallen ƙaddamar da famfo ɗaya har sau uku! Ba banza ma'aikata ke kiransa Almakashi ba, a bayan idonsa dai.

Da sabon injin gashin ciwon daji ya iso, ƙwaya ɗaya tal ga jama'ar da ba ta ƙirguwa, sai Almakashi ya garƙame ɗakin, ya jefa makulli a aljihu. Tsari ne, in ji shi, ba a kunnawa sai Minista ya yanka ƙyalle.

Cikin masu jira akwai wata malamar firamare mai ƙari a wuya. An auna ta, an zana mata alamu da tawada daidai inda hasken injin zai bi. Aka gargaɗe ta cewa in suka goge, sai ta koma ƙarshen layin awo, wata uku cur. Mako huɗu tana wanka a ɗarare, tana kaffa-kaffa da wuyan nan kamar ƙwai. Shi kuwa ƙarin bai san da zaman Minista ba, girmansa kawai yake yi.

Ranar biki aka zaɓe ta don hoto, har ta yi hawayen murna. Almakashi ya gyara murya.

"Mai girma Minista, ni nan na san ciwon daji kamar yunwar cikina. Kuma a asibitina tsafta ce gaba da komai."

Sai idonsa ya faɗa kan wuyan malama. Ya girgiza kai don takaicin sakacin ma'aikata, ya dangwalo auduga a sifirit. Kafin mai sarrafa injin ta ratso taron, ya murje alamun tas, da hannunsa mai albarka. Aka tafa.

"Ranka ya daɗe, taswirar maganinta ka goge," in ji mai sarrafa injin.

Gwanin ya daskare, yatsunsa sun rine shuɗi. Malama ta shafa wuyanta, ta lissafa wata uku, ta ji tsoro ya kama ta. Sannan ta dubi yatsun nan, ta juya wurin Minista.

"An ce mini duk inda tawadar take, nan ciwon yake. Yallaɓai, a fara gashin daga can."