Lallen Ƙafa Shida

"Lafiya lau, 'yar boko. Yanzu gari ya waye a wajenku?"

Iyatu ce ke amsa gaisuwar jikarta Zuliha, tana zaune a tsakar gida tana yanka tumatirin shanya. Kwana uku da dawowar Zuliha hutu daga makarantar kwana, ko zaure ba ta leƙa ba. Ranar da ta sauka a mota ta hango aminiyarta Barira a bakin kanal ɗin ruwan noman rani, riƙe da hannun wata Asta, suna ta ƙyalƙyala dariya.

"Tashi ki mayar wa uwar Barira rariyarta."

"Ni ƙafata ke ciwo."

"Ƙafa ko zuciya? To bari ki ji, ba Asta ce ta ƙwace miki Barira ba, ni ce. Tun da kika tafi muka ƙulla."

"Ke, tsohuwa? Da wane haƙorin kuke shan rake?"

"Ita ke sha, ni in yi mata kirari. Ran Juma'a ma tseren iyo muka yi a kanal, sai a Bunkure ta cim mini."

"Ke da kwatar ƙofar gida ma sai an riƙe miki hannu!"

"Ke fa? An ɗura miki wake mai ƙwari, kin dawo da wuya kamar muciya. Wa zai yi ƙawance da muciya?"

Zuliha ta yi dariya, sai kuma ta sunkuyar da kai. "Wasiƙa biyu na rubuto mata, Iya. Ko ɗaya ba ta amsa ba."

"Waɗanda kika cika da Turanci? Nan ta kawo su, muka juya sama muka juya ƙasa. Na ce mata takardar asibiti ce, ta adana. Kunya ta hana ta amsawa, wai kar ki yi wa rubutunta dariya. Jiya da shekaranjiya har zaure ta zo, ta juya."

"Astar fa?"

"Asta mutum ce, ba kura ba. Wata uku kina so yarinya ta yi hira da tumatir?"

Zuliha ta ɗauki rariyar, ta zura takalmi. "Zan je. Amma sai na gargaɗe ta ta daina yawo da tsofaffi, suna rage mata farin jini."

Iyatu ta kwashe da dariya har wuƙar ta suɓuce mata. Ta kwance bakin zaninta, ta miƙa mata ƙullin lalle.

"Kin ci, na sakar miki ita. Ungo. Ki kwaɓa da yawa, har da Asta, ƙafa shida ce."