Iyafis Uku a Kunnen Yelwa

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya hanya? Ya mutanen birni? Ya yunwa? Don na ga alama ita ta koro ka."

"Yunwa tana gaishe ki, Amarya. Ya tsufa? Ya sauran haƙoran, suna nan ko an sake samun ragi?"

Inna Yelwa ce da jikanta Jibirin, a tsakar gidanta da ke Getso, da hantsin wata Asabar bayan an gama yankan dawa. Sunan marigayi mijinta aka sa wa yaron, don haka ba ta kama sunansa, Maisuna take ce masa. A Kano yake aiki, a wani situdiyo da ake ɗaukar waƙoƙi da karatu, shi ne mai gyaran sauti. Tun da ciwo ya kwantar da tsohuwar bara jinta ya ragu. Rediyonta ma ta daina kunnawa, in ana hira sai dai ta yi ta murmushi ba ta tanka ba. Jibirin kaɗai take dagewa ta yi wa surutu, shi ma sai ya matso kusa ya ɗaga murya. Ran nan ta Kabo ya biyo, ya kafe babur a zaure, ya shigo da 'yar jaka a rataye.

"Haƙorana sun ishe ni cin naman da ba ka taɓa sayo min ba," in ji ta. "Me ka kawo? Miji na gari ba ya shigowa hannu na dukan cinya."

"Mace ta gari kuma ruwa take fara kawowa."

"Ga randa can, ba a ɗaure maka ƙafa ba."

Ya zauna a gefen tabarmarta, ya zaro wasu 'yan akwatuna guda uku ya jera, ya buɗe su. Ta sunkuya tana kanne ido.

"'Yan kunne ka sayo min? Sai yanzu, bayan kunnen ya yi yaushi?"

"Wa zai ɓata zinare a kanki? Iyafis ne, abin sauraro."

"Au, abin da yaran nan ke toshe kunne da shi, kana ta sallama suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru?"

"Waɗancan na bakin tasha ne. Waɗannan manya ne, na masu sana'a. Kin ga ɗan mitsitsin nan? Lasifika iri biyu ce a cikinsa. Akwai mai 'yar fata kamar ganga, ita ke fitar da kakkauran sauti. Akwai kuma wasu ƙanana na ƙarfe, su ke fitar da siririn."

"Wato makaɗi da mabushi aka haɗa ɗaki ɗaya."

"Kin gane ke nan. Ashe da sauran ƙwaƙwalwa."

"Wadda ta rage min ta fi taka sabuwa. Tsohuwar zuma ai da ita ake magani."

"To ga aiki, tsohuwar zuma. Biyu na aro ne daga wajen abokina, ɗaya nawa ne. Ba zan faɗa miki wanne ba. Zan sa miki abu ɗaya a kowanne, ki faɗa min wanda ya fi."

"Duk alƙalan Kano sun ƙare, sai kurma ka samu?"

"Ashe kin yarda ke kurma ce."

"Ban yarda ba. Abin da na ga dama nake ji. Maganarka ce ba ta da amfani, shi ya sa kunnena ke tace ta."

Ya ɗauko na farko, baƙi, ya jona a wayarsa, ya gyara mata ɗankwali ya sa mata robar a kunne a hankali.

"Kai, Maisuna! Kada ka tura min shi cikin kai, ka gaji akuyoyina."

"Akuyoyin da suka fi ki ramewa? Tsaya cik."

Ya danna, ya ɗan ƙara murya. Da fari ta yamutsa fuska. Can sai hannunta da ke kora ƙuda ya tsaya a sama. Sarewa ce ke tashi, a bayanta ana daka.

"Ina ka samo wannan?" Muryarta ta sauka.

Ya cire mata ɗaya ya yi mata bayani a kunne. Bappa na Kabo, ƙanin marigayi, shi ya tsinci wani tsohon kaset a ƙasan adakarsa. Tun yana saurayi ya ɗauka da sabuwar rikodarsa, ranar sunan mahaifin Jibirin, lokacin suna zaune a ruga. Kaset ɗin ya ci ƙura, zarensa har ya tsinke. Jibirin ya tafi da shi Kano, ya liƙa, ya juye a kwamfuta, ya yi ta wanke sautin har ya fito.

Inna Yelwa ta share hanci da bakin zane, ta gyara zama kamar ba komai.

"To, alƙaliya, ya kika ji na farko?"

"Wannan ɗan dambe ne. Turmi kawai nake ji, dim, dim, kamar a ƙirjina ake dakan. Sarewar tana can ƙasa kamar an kifa mata ƙwarya. Tuwo ya yi yawa, miya ta yi kaɗan."

"Samari shi suke rububi, saboda kiɗa."

"Ai dama samarin yanzu ciki gare su, ba kunne ba. Kawo na biyu."

Na biyun fari ne, yana ƙyalli kamar azurfa. Ta juya shi a tafin hannu.

"Wannan dai kyakkyawa ne. Ba danginku ba ne."

"Ni da 'yan mata ke layi a kaina?"

"Layin karɓar bashi ko? Sa min."

Bai daɗe da dannawa ba ta ɗaga kafaɗa, ta runtse ido.

"Cire, cire! Wannan ai sauro ne ya samu lasifika. Shuuu, kamar ana suyar ƙosai a cikin kaina. Sarewar kuma tana soka ta kamar allura."

"Amma kin ji komai tar, ko ba haka ba? Har kukan jinjirin."

"Na ji. Ubanka ne, tun ran nan bakinsa bai rufu ba, kai ka gado shi. Amma an yi magana a ciki, na ji muryar Malam, kakanka, ta koma 'yar siririya kamar ta mai tallan goro. Mutumin da in ya yi gyaran murya a bakin garke shanu ke miƙewa? A'a. Wanda ya ba ka yaji zalla bai ba ka abinci ba."

"Ke dai ba a iya miki. Wancan ya yi kauri, wannan ya yi siriri. Haka kika wahalar da tsohon mijinki?"

"Shi ai daidai yake. Kai ne aka ba ni canji da ragowa."

"Za ki ga ragowa. Kunne ya girmi kaka, in ji masu magana. Kawo shi nan."

"Ya girmi kakar wasu. Nawa tare aka haife mu."

Na ukun ba shi da wani ado, ruwan ƙasa ne, wayarsa a kitse. Jibirin ya canza masa roba zuwa ƙarama don ta zauna mata sosai, ya sa mata, ya mayar da sautin farko. Wannan karon fuskarta kawai yake kallo.

Ta karkata kai tana sauraro. Sai ta ɗaga hannun hagu ta nuna wajen katanga.

"Turmin yana nan. Ba ɗaya ba ne ma, biyu ne. Wannan luguden na Gwaggo Hauwa ne, ita ke jefa taɓarya ta tafa." Ta juya dama. "Shanu suna can, nesa kaɗan. Ga maraƙi yana neman uwarsa." Sai ta miƙa hannu gabanta, a hankali, kamar mai tsoron taɓa wani. "Shi kuma Malam ga shi nan. Nan yake zaune. Maisuna, har jan numfashinsa nake ji kafin ya busa."

Sarewar ta yi ta tafiya, sannan ta tsaya. Aka yi 'yar magana ƙasa-ƙasa. Inna Yelwa ta damƙe hannun jikanta.

"Mayar. Mayar da wurin nan."

Ya mayar. Muryar Malam Jibirin ce, ba da taro yake ba, da ƙaninsa mai riƙe da rikoda yake: "Je ka ce su sassauta dakan nan. Yelwa ba ta samu barci ba jiya."

"Sake mayarwa."

Ya sake.

"Sunana ya faɗa?"

"Sunanki ya faɗa. A na farko turmi ya danne shi, a na biyu shuuu ɗin ya cinye shi. Ni ma a wannan na fara jin sa, ina zaune a wurin aiki. Shi ya sa na taho."

Ta saki hannunsa ta rufe fuska da mayafi. Kaji suka yi ta tonon ƙasa a gefensu. Da ta buɗe, idonta jajir, amma bakinta na murmushi.

"Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa har ranar da aka fita da shi, 'ke' nake, ko 'mutanen gida'. Kunya irin ta mutanen da. Ni har na ɗauka ya manta sunan ne."

"Ni da nake kiran sunan safe da yamma, ko tukuici ban taɓa gani ba."

"Kai a bakinka ai kamar ana kiran akuya ne. Ji yadda shi ya faɗa, a nutse." Ta goge ido. "Ana cewa gani ya kori ji. Yau ji ya kori gani. Allah ya yi maka albarka, Maisuna. Allah ya ba ka masu yi maka. Allah ya ji ƙan Malam, ya saka wa Bappanka da bai zubar da abin nan ba."

"Amin, Inna." Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago. "To an gama shari'a? Wanne ya ci?"

"Har sai ka tambaya? Wannan mummunan. Bai danne kowa ba, bai ƙara wa kowa gishiri ba. Kowa ya bar shi a inda yake zaune. Wanne ne naka a ciki? Baƙin ne ko? Ya yi kama da kai, hayaniya ba kan gado."

"Wanda ke kunnenki shi ne nawa."

Ta yi turus. Ta san yadda ya daɗe yana tari kafin ya mallaki kayan aikinsa, uwarsa ta sha ba ta labari. Nan da nan ta kai hannu za ta cire.

"Ungo abinka. Da shi kake ci. Ka sa min a baƙin, na ji turmin ma ya ishe ni."

Ya riƙe hannunta ya mayar.

"Bar shi. Akwai babba na ɗorawa a ka a wurin aiki, da shi zan lallaɓa. Na riga na sa miki sautin a katin waya, yanzu zan zura a taki. Madanni ɗaya ne, ko ke za ki iya."

"Maisuna, kada ka yi abin da za ka koma kana cizon yatsa."

"Cizon yatsa ai na yi shi tun ranar da aka ce ke ce matata. Ga shi yau da hannuna na dawo miki da tsohon miji, na zauna ina kallo kina yi masa kuka. Akwai mijin da ya kai ni haƙuri a ƙasar Gwarzo?"

Dariya ta ƙwace mata har da tari, tana dukan tabarma.

"Babu! Wallahi babu. Yau kam ka yi galaba, na sallama. Tashi, ka ga zabuwar can mai ƙiba a gindin rumbu? Na ba ka."

"Zabuwa? Iyafis ɗina guda, zabuwa?"

"Ita ma abin sauti ce, kuma ba ta cin caji. Sai dai kamawa da kanka."

Jibirin ya zura katin a wayarta, ya jona mata iyafis ɗin, sannan ya naɗe hannun riga ya nufi rumbu a sanɗa. Zabuwar ta dube shi sau ɗaya, ta tashi fir ta haye katanga tana ƙara, shi kuma ya bi ta da gudu ta zaure. Inna Yelwa ba ta ga ƙarshen tseren ba. Ta jingina da bango, ta lumshe ido, ta laluba madannin da babban yatsa, ta mayar da sarewar farko.