Yadda Za Ka Gaida Surukai Ba Tare da Ka Taka Kunci Ba

Ka gaji da hawa motar haya duk lokacin da wani ya yi atishawa a gidan surukanka? Gyara zama. Wannan dabara tana aiki tabbas, na gani da idona a wurin Kamaruddeen, wani gwanin kwamfuta a Kano. An sa masa rana da Sakinatu, 'yar Malam Sha'aban, a wani ƙauye bayan Kunci, saura wata biyu ɗaurin aure.

Mataki na 1: Zuba dangi a jadawali

Jera 'yan uwan yarinyar a kwamfuta layi-layi kamar kunyar gyaɗa: suna, abin da ya faru, ranar da ya faru. Kada ka bari tausayi ya shigo, cin wuri yake yi.

Mataki na 2: Buɗe wa suruki imel

Kamaruddeen ya sayo wa Malam waya, ya buɗe masa imel. Malam ya ce, "Ni fa ba na karanta boko."

"Ba komai, Baba. In ta yi ƙara, ka miƙa wa na kusa da kai."

Mataki na 3: Rage wa kanka aiki

Nan ilimin yake. In an haihu, suna kwana bakwai. In an rasu, sadakar bakwai. Gogan ya ce ai bakwai bakwai ce, ya kafa doka ɗaya: kowace rana aka shigar, a ƙirga bakwai a tura saƙo. Ya rubuta na haihuwa. Na rasuwa kuwa ya ce sai an yi, kada ya yi wa mutane mugun fata. Ka ji mai tsoron Allah!

Mataki na 4: Kada ka je

Da Asama'u, yayar Sakinatu, ta haihu, saƙo ya sauka ranar suna da sassafe. Malam ya yi ta yawo da waya yana nuna wa mutane yaron kirki.

Sai Inna, mahaifiyar Malam, ta rasu. Sakinatu ta kira tana kuka. "Ka zo mana, Baba yana ta cigiyarka."

"Ina nan tafe, aiki ne ya riƙe ni."

Ya shigar da ranar, ya rufe kwamfuta, ya tafi cin tsire.

Mataki na 5: Bar na'ura ta yi aikinta

Ranar sadakar bakwai ƙofar gida ta cika, ana rabon gumba. Liman ya shafa fatiha ke nan sai waya ta yi ƙara. Malam ya ji daɗi, ya miƙa wa Sama'ilu malamin firamare, shi kuma ya ɗaga murya kamar yana gaban aji:

"Barka da arziki! Yau kwana bakwai muna cikin farin ciki. Allah Ya maimaita mana baɗi."

Jama'a suka ɗauki salati. Wani tsoho ya ce amin, don shi rabi ya ji.

Mataki na 6: Karɓi sakamako

Washegari aka sauke kayan sa rana a gidan su Kamaruddeen, ko goro ɗaya bai yi ciwon kai ba. A ranar ya gano ashe Kunci ba nisa. Ya zube gaban Malam yana gumi.

"Baba, wallahi ba ni ba ne, kwamfuta ce ta yi kuskure."

"Na yarda," in ji Malam. "To barkar Asama'u da na yi ta nuna wa jama'a fa? Ita ma kwamfutar ce?"

Kamaruddeen ya sunkuyar da kai.

"Ashe ban taɓa jin gaisuwarka ba. Tashi ka je, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Gargaɗi

In ka bi matakan nan aka maido maka da kaya, ba ruwana, kada ka zo min gida. Na'urar ba ta yi laifi ba: an ce ta ƙirga bakwai, ta ƙirga daidai. Zaman makoki ne kawai ba a koya mata ba, kai kuwa an koya maka.