Butar Baturiya

Kafin mulkin kai, ina yi wa wata Baturiya mai aikin jinya wanki a Gwandu, ina cika baki cewa ina jin Turanci. Wata rana na tarar ta tasa burodi a gaba tana hawaye, wai kewar bota take.

Na ce ta bar min. Na sa aka sayo buta mai zane tun daga Kalgo, na miƙa mata a gaban jama'a.

Ta yi dariya har ta shaƙe. Kukunta ya ce, "Yaya, man shanu take nufi." Ni da na tashi a ruga.

Har Malam maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, in zai yi alwala sai ya ce, "Tafinta, miƙo man shanun nan." Yanzu jikoki ke faɗa, ina dariya ina share hawaye.