Rasuwar Gwaggo Frosiya, Motar Jan Jirgi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu cike da baƙin mai, Panas Kovbasiuk na ƙauyen Berezivka yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abar ƙaunarsa, Gwaggo Frosiya, motar jan jirgin sama. Ta cika ranar Talata da hantsi a bakin gonar maƙwabcinsa Trohim, tana da shekara talatin da shida, Panas na riƙe da sitiyarinta.

Marigayiyar ba kyakkyawa ba ce, gaskiya ɗaya ce. Gajera ce, faffaɗa, ga nauyin tsiya. Amma a duk filin jirginmu ita kaɗai ke iya kama hancin Babban Yaya ta fito da shi daga rumfarsa, wato ƙaton jirgin dakon nan da ke haɗiye kan jirgin ƙasa ya tashi da shi ko gyatsa babu. Duniya ta yi ta ɗaukar hotonsa, ba wanda ya taɓa ɗaukar nata, kuma ba ta yi ƙorafi ba. Maganarta da safe ba ta wuce "kuhu, kuhu, gwarrrr," da yamma kuwa "tsssss."

Duk ranar tafiya, in ta saki jirgin a kan titinsa, matuƙin, Kyaftin Levko, kan leƙo ta taga ya ƙwala ihu: "Panas! Kada ka bari tsohuwar nan ta yi sanyi, za mu dawo!"

Panas ya amsa: "Kai dai kada ka ɓata hanya!"

Shekara ashirin suna haka, kuma kullum jirgin na dawowa ya tarar da ita da ɗuminta.

Sai yaƙi ya zo. Wuta ta tarar da Babban Yaya a cikin rumfarsa, ta cinye shi har hanci. Panas ya tayar da Gwaggo ya gudu da ita. To, gudu dai a faɗar Panas. Wata tsohuwa mai jan akuya ta wuce su sau biyu, a na biyun har ta tambaya ko a tura musu. Da kyar da siɗin goshi suka iso gida, ya ajiye ta daram a kan kabejin matarsa Odarka.

Odarka ta dafe ƙirji. "Tsoho, mutane na ceton 'ya'ya da talabijin, kai duk faɗin ƙasar nan wannan ka gani?"

"Kyaftin ya ce kada ta yi sanyi."

"Kyaftin ne zai dafa maka miya?"

Tun daga ranar, ƙarfe shida na kowace safiya Panas ke tayar da ita na minti goma sha biyar, don in an gina sabon jirgi a same ta a shirye. Kaji suka daina ƙwai. Shanyar Odarka ta koma launin toka saboda hayaƙi. Bai fasa ba ko ranar Ista.

Jinyarta ta yi tsawo. Kayan gyaranta a tsallaken iyaka ake ƙera su, a garin waɗanda suka aiko da wutar, dangin uwa ke nan da aka daina gaisawa da su. Panas ya yi mata maganin gida. Ya ɗaura mata bel ɗin wandonsa. Ya dasa mata famfon injin wankin Odarka, abin da Odarka ba ta gano ba sai ranar wanki, kuma iyalin mamaciya ba sa son a tuna abin da ya biyo baya.

Ajali ya zo a siffar Trohim. Tirelarsa ta maƙale a taɓo da buhu goma sha biyu na dankali. Ya leƙo ta shinge ya ce, "Maƙwabci, ara mini basarakiyar taka mana, ko ita sai jirgi take ja?"

Panas ya ƙi sau uku. Odarka ta ce, "Shekara uku tana shan manmu a zaune, yau ta ci guminta." Aka ɗaura mata igiya. Wadda ta ja tan ɗari-ɗari a gaban manyan baƙi, yau dankali! Ta yi taku biyu, ta ce "kuhu… tuf," shi ke nan. Bakanike ya ce inji ne ya buga. Panas ya ce wulaƙanci ne, kuma mu mun fi yarda da Panas.

Ta bar sandar jan jirgi guda, wadda ba abin da ta dace da shi a duniya sai hancin da ya ƙone. Ta bar ƙanen Babban Yaya, rabin gangar jiki da ke kwance a masana'anta, ana ta yi masa alƙawarin fukafukai. Ta bar Kyaftin Levko, wanda yanzu ke jigilar ƙunshe-ƙunshe da ɗan ƙaramin jirgi a Jamus. Ta bar kaji tara da suka koma ƙwai washegari, marasa kunya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar. Fada, limamin coci, ya ce ba ya addu'a a kan mota, amma zai zo shan miyar borsh. Da yake babu abin da zai iya jan mai ja a duk gundumar, a inda ta faɗi za ta zauna har abada, hancinta na duban filin jirgi. Trohim ya yi asarar kusurwar gonarsa, Allah ya ƙara. Batirinta an ba asibitin ƙauye. Odarka, da ba wanda ya roƙe ta, ta ce za ta shuka furanni kewaye da tayoyin.

Ga kuma saƙonta ga masu zuwa ta'aziyya: "Ku ci, ku sha, ku yi masa tsiya yadda kuka saba. Amma kada wanda ya ce wa tsohon nan jirgin ba zai dawo ba. Ya sani. Yau ma ƙarfe shida ya fita da makulli a hannu, ni na bi shi da shayi."