Ƙwaya Biyu a Kumatu

Ko na so in manta da ɗaurin auren ƙanen matata a Diffa, dangi ba za su bar ni ba.

Lokacin ban daɗe da fara shan maganin kolestarol ba, wato kitsen jini. Na ɓoye wa kowa. Ni mutum ne siriri, in iska ta taso daga kogin Komadugu sai na dafa bango, wa zai yarda ina da kitse? Ga kuma tsoron kada a daina miƙo mini nama a wurin biki (gaskiya wannan ya fi damuna).

Ranar ɗaurin auren rana ta buɗe, kaina ya yi ta sara. Surukina, dattijo mai noman tattasai, ya lura ina dafe goshi. Ya laluba aljihu ya miƙo mini farasitamol biyu.

"Sha, ɗana."

Na taɓa ji a WhatsApp wai haɗa magunguna na kashe mutum nan take. Amma suruki ba a mayar masa da hannu. Sai na jefa su baki, na kurɓi ruwa, na maƙale su a kumatu da niyyar in zaga in tofar.

Ban kai ga tashi ba liman ya ce wakilin ango ya matso. Ni ne wakilin.

Ina neman auren, ƙwayoyin suna narkewa. Ɗaci ya murɗe mini fuska, murya ta shaƙe, farar kumfa ta fara bin gefen bakina. Wani ya ce farfaɗiya ce. Kafin in yi musu an kwantar da ni a tabarma, ana yi mini fifita da tofi.

Cikin baƙi akwai wani majo, wato ma'aikacin jinya na asibiti. Ya durƙusa ya ce, "Malam, wane magani kake sha?"

Na faɗa, a gaban kowa, har da farasitamol ɗin da ke kumatuna.

"Wannan ai ba ya faɗa da farasitamol, in ba ka wuce ƙa'ida ba kuma hantarka lafiya. Wani maganin dabam, ka tambayi likita ko farmasi tukuna. Haɗiye."

Na haɗiye. Surukina ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Kitsen, a ina ka ajiye shi?"

Na koyi cewa tambayar likita ta fi arha. Da aka kawo gasasshen rago kuwa, surukina da kansa ya sa aka tsallake ni, aka ajiye mini farantin salak.